Wanda Umma Ta Ƙi Yafe Wa

"Idan ya tako ƙofar gidan nan yau, Nari, ki tabbata tare za ku fita."

Umma ba ta ko dube ni ba da ta faɗi haka. Tana durƙushe gaban teburin da muke jera wa mamaci abinci tana fere saman tuffa da wuƙa. Ni kuwa sai da miyar ganyen tekun da na ɗauko ta zubo mini a yatsa.

Ranar shekara guda kenan da teku ta ɗauke mana Sangu, ƙanena, ɗa namiji tilo a gidanmu. Hotonsa na jingine a kan teburin, cikin kakin soja, yana murmushin nan nasa na gefen baki kamar wanda ya ɓoye wa mutum takalmi. Sauran gidaje da dare suke yi wa mamatansu wannan hidima, amma Umma ta ce da safe ɗanta ya fita bai karya ba, don haka da safe za ta ciyar da shi.

Na ce, "Umma, ba rigima zai zo yi ba. Gaisuwa kawai zai yi wa Sangu ya tafi."

"Au! Har kun yi maganar kenan?"

Gwaggo Insun ce ta cafe, yayar marigayi mahaifinmu, wadda ta sauka tun jiya daga Daegu da jakarta da bakinta. Ta juya wajen Umma. "Maman Sangu, kin ji ko? Ashe har yanzu suna tare."

Har gobe haka kowa ke kiran Umma a garinmu Solpo, Maman Sangu. Duk sanda aka faɗa sai in ga kafaɗarta ta motsa kamar an tsikare ta da allura.

Wanda ake maganar a kansa Dojin ne, mutumin da saura ƙiris a ɗaura mana aure.

Ba ɗan garinmu ba ne. Daga Seoul ya zo, da wata tsohuwar mota da alluna biyu na hawan igiyar ruwa ɗaure a samanta. Irinsa da yawa suna zuwa lokacin zafi, su cika mana yashi, su yi ta ɗaukar su Umma hoto idan sun fito daga nutson neman dodon koɗi, su ce mana, "Kai, ku kun more!" Sanyi na kawo kai sai su watse. Shi bai tafi ba. Ya kama tsohon shagon gyaran taru da ke bakin teku, ya buɗe wurin koyar da hawan ruwa. Kullum a rumfarmu ta sayar da abinci yake ci. Tun Umma na ce masa "ɗan birni" har ta koma ce masa "surukina", tana ɓoye masa mafi girman dodon koɗin da ta ciro. An riga an tsayar da ranar da iyayensa za su zo gaisuwa.

Sai Sangu ya dawo daga aikin soja, ya manne masa. Ba shi da magana sai ta Yaya Dojin da allo da igiyar ruwa. Wata safiya suka shiga tare ta wajen Dutsen Tsohuwa da ke can cikin teku, ruwa ya juya musu. An tsinci Dojin a kan yashi, kafaɗa a goce. Sangu kuwa sai bayan kwanaki jirgin wani masunci ɗan garinmu, Mansik, ya gano shi.

Gwaggo ta matso kusa da ni ta rage murya, amma ba yadda Umma ba za ta ji ba.

"Nari, ke fa ba yarinya ba ce, kin kusa talatin. Ga Mansik nan, ɗan shugaban masunta, mun san uwarsa mun san kakarsa. Jirgi gare shi, gidan abinci gare shi, ba ya caca, giya ma sai da dalili. Me kike nema wurin baƙon da ya zo wasan ruwa?"

"Gwaggo, yau ranar Sangu ce. Don Allah a bar maganar nan."

"Ai saboda ranar Sangun ce ma nake yin ta! Wa ya dawo mana da shi gida? Wa ya cire rigarsa ya lulluɓe shi? Ko kin manta?"

Ban manta ba. Ajinmu ɗaya da Mansik tun firamare, kuma tun a lokacin yake sona, ni kuwa ban taɓa jin komai game da shi ba sai irin abin da ake ji game da maƙwabci na kirki. Tun bayan rasuwar ya zame wa Umma ɗa. Shi ne gyaran rufi, shi ne kawo kananzir, shi ne kai ta asibiti. Ban da abin da zan zarge shi da shi, kuma wannan ya fi komai yi mini nauyi.

Kamar ya san ana zancensa, sai ga shi ya shigo da ƙaton busasshen kifi a hannu.

"Umma, ina kwana. Gwaggo, an sauka lafiya?" Ya dube ni ya sassauta murya. "Nari, idonki ya kumbura. Kin yi barci kuwa?"

"Na yi."

Aka kunna turare. Da yake babu namiji a gidan, Umma ta miƙa wa Mansik kwalbar giyar shinkafa ta ce ya zuba. Ya zuba, muka sunkuya sau biyu, aka kafa cokali a tsakiyar shinkafa. Muka yi shiru don mamaci ya ci.

Cikin shirun nan ƙyauren gida ya yi ƙara.

Na leƙa waje.

Dojin ne, cikin baƙar kwat da ta yi masa yawa saboda rama. Hannu ɗaya kwalba, ɗaya leda. Bai ƙaraso bakin ɗaki ba, a tsakar gida ya zube gwiwa biyu a kan siminti.

"Umma," ya ce.

"Wace ce ummarka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban zo neman gafara ba, na san ban kai nan ba. Ki bar ni in zuba masa ƙoƙo ɗaya kawai. Ga soyayyiyar kazar nan mai yaji da yake so. Daga nan zan tafi."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ku ji mini! Wa ya taɓa kawo wa mamaci yaji? Ko wannan ba a koya muku a birnin?"

Mansik ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ta da kafaɗunsa. "Malamin wasan ruwa, ka ji kunya mana. Yau ɗaya dai ka bar matar nan ta yi kukanta cikin kwanciyar hankali."

Umma ta miƙe ta shiga ɗakin girki. Da ta fito, kwanon gishirin da muke jiƙa kabeji ne a hannunta, mai manyan ƙwayoyi. Ta sauka tsakar gida ba takalmi, ta damƙo ta watsa masa a fuska, yadda ake korar mai kawo rashin sa'a. Ta sake damƙowa ta watsa. Ta sake.

Bai kauce ba, bai ko kare idonsa ba.

"Tare kuka shiga da ɗana," ta ce, muryarta a dishe. "Kai ka fito. Kullum na buɗe ido sai in gan ka kana yawo a garin nan da ƙafafunka biyu, kana shan iskar da ya kamata ya sha. Me ka zo yi garinmu? Wa ya kira ka? Kun mai da kabarin mazajenmu wurin wasa!"

"Umma, ya isa! Don Allah ya isa!" Na riƙe hannunta, ta fizge.

Mansik ya sauko, ya ɗauki ledar da kwalbar ya cusa wa Dojin a hannu. "Tashi ka tafi kafin ta faɗi. Hawan jini gare ta. Kai ba ka sani ba, ni nake kai ta wurin likita."

Dojin ya miƙe. Daga nan inda yake ya fuskanci ƙofar ɗakin, ya sunkuya har goshinsa ya taɓa simintin da gishiri ya rufe, sau biyu. Ya juya ya fita.

Ban san lokacin da na zura takalmi ba.

"Nari!" Gwaggo ta ƙwala mini kira. "Kika fita kin kashe uwarki!"

Na fita.

*

A matakalar shagonsa na same shi. Tun rasuwar Sangu kwaɗo ke rataye a ƙofar, har ya yi tsatsa, kuma tun ranar Dojin bai sake sa ƙafa a ruwa ba. Dakon akwatunan kifi yake yi a tashar jiragen ruwa don ya ci abinci.

Bakin tekun fayau, ba kowa. An tattare laimomin da baƙi ke shan inuwa an ɗaure, shagunan gahawa duk a rufe. Iska na kaɗawa da sanyi, ruwan ya yi duhu yana ta tumbatsa.

Na durƙusa gabansa ina kakkaɓe masa gishiri daga gashi. Idanunsa sun kaɗa sun yi jajur.

"Yaya, mu tafi."

"Ina?"

"Seoul, Busan, ko'ina. Inda ba a jin ƙarar ruwan nan. Na gaji. Wallahi na gaji."

Ya yi wata 'yar dariya da ta fi kuka ciwo.

"Ke kina son gudun ƙarar nan, ni kuwa ita ta raya ni. Kin san yadda nake kafin in zo? Ofis ba taga, gida ba barci. Wata rana na yanke jiki na faɗi a tashar jirgin ƙasa, mutane suna tsallake ni don kada su makara. Da na fito daga asibiti na yi ta tuƙi har hanya ta ƙare. A can na tsaya, gindin itatuwan can. Ƙarar ruwan nan ta sa ni barci har rana ta take. Na farka na ga tsofaffin mata suna fitowa daga teku, suna zagin juna suna dariya. Ummarki ta ɓare dodon koɗi ta miƙo mini a kan wuƙa, ta ce, 'Ungo ci, ka yi kama da gawa.' A ranar na ce a raina, a garin nan zan tsufa."

Hawaye suka zubo masa.

"Mu 'yan birni shuɗin ruwan kawai muke gani, Nari. Ba ma ganin waɗanda ya cinye. Ni na ɗauka magani na samu. Na ɗauki abin da ya warkar da ni na ba Sangu."

"Ba kai ka kashe shi ba! Sau nawa zan faɗa maka?"

"Na kama shi."

Na tsaya cak. Bai taɓa faɗa mini wannan ba.

"Na kama hannunsa. Ina jin yatsunsa a nan." Ya nuna wuyan hannunsa. "Ya ce mini, 'Yaya, kada ka sake ni.' Sai igiya ta maka ni da dutse, kafaɗata ta goce, hannun ya buɗe da kansa. Ban sake shi ba, Nari, na rantse ban sake shi ba. Hannun ne ya buɗe."

Na rungume shi muka yi ta kuka kamar yara. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba.

Shi ya fara janye jikinsa.

"Zan tafi," ya ce. "Na samu wanda zai karɓi shagon. Amma ni kaɗai zan tafi."

"Me ka ce?"

"Idan na tafi da ke, na kwashe mata 'ya'ya biyu kenan. Ba zan iya ba."

"To ni fa? Ni ba mutum ba ce? Kowa Umma yake tausaya wa, kowa Sangu yake yi wa kuka. Ni ma ƙanena na rasa! Yanzu kuma kai ma in rasa ka, don kowa ya samu sauƙi ban da ni?"

"Mansik mutumin kirki ne. Zai riƙe ki da—"

Ban san na ɗaga hannu ba sai da na ji ƙarar marin.

"Kada ka kuskura," na ce. "Kada ka kuskura ka miƙa ni ga wani kamar kifin da ya yi kwantai."

Bai dafa kuncin ba. Ya dai dube ni da idon nan nasa da ya gaji da duniya.

Na miƙe na nufi gida ina tafe ina tuntuɓe.

*

Ta ƙofar baya na shiga don ba na son haɗa ido da Gwaggo. Ina jiyo muryarta a ɗaki tana ce wa Mansik ya ƙara shinkafa.

A bayan gida na ci karo da Umma. Ta riga ta sa baƙaƙen kayan nutsonta na roba, tana ɗaura ɗamarar dalma a ƙugu. Gorar da take dafawa a saman ruwa, mai launin ruwan lemo, na gefe, a cikin ragar da ke ɗaure da ita ta sa ƙullin shinkafa da kwalbar giya.

"Umma, ina za ki?"

"Zan kai wa ɗana abincinsa inda ya kwanta."

"Ba ki ga ruwan ba ne? Ko ɗaya cikin ƙawayenki ba wadda ta fita yau! Umma, don girman Allah ki zauna."

"Matsa mini."

Na zube na riƙe ƙafafunta. "Ki dake ni, ki zage ni, amma kada ki shiga ruwan nan. Kuma ki ji ni, Umma, ko sau ɗaya ki ji ni. Ya kama hannun Sangu. Bai gudu ya bar shi ba. Dutse ne ya goce masa kafaɗa. Ba shi ya kashe shi ba!"

"Na sani."

Na ɗago na dube ta. Na zaci kunnena ne bai ji daidai ba.

"Kin ɗauka ni mahaukaciya ce?" ta ce. "Tun kafin in yi hankali nake shiga ruwan nan. Na san abin da yake yi a Dutsen Tsohuwa idan ya juya. Ko ƙarti goma ne ba za su riƙe mutum ba. Na san ba shi ya kashe shi ba."

"To Umma, me ya sa? Shekara guda kina gasa shi, kina gasa ni..."

"To wa zan tsana? Faɗa mini!"

Ta zauna daɓas a kan dutsen wanki. Tun da aka kawo gawar Sangu ban ga hawayenta ba sai a lokacin.

"Teku zan tsana? Ta cinye ubanki da jirginsa, ko makoki ban gama ba na koma cikinta don ku ci abinci. Ta cinye ɗana, har yau daga cikinta nake ciro abin da muke sa wa a baki. Ba ni da ikon yin fushi da ita. Ko Sangu zan tsana? Da safen nan na ce masa kada ya fita, ya yi mini dariya, ya ja mini kunci ya ce, 'Tsohuwa, ki ajiye mini miya.' Shi zan tsana? Wuta ce a ƙirjina, Nari, dole in samu inda zan ajiye ta. Ranar da na yafe wa yaron can, ranar zan faɗi, ba kuma zan tashi ba."

"Ni kuma fa, Umma? A kaina wutar take ci."

Ta goge fuska da bayan hannu, ta dube ni, har na ga kamar za ta shafa kaina. Sai ta miƙe ta saɓi gorarta.

"Ke kina da rai. Za ki iya haƙuri."

Ta ɓamɓare hannuna daga ƙafarta kamar yadda take ɓamɓare dodon koɗi daga dutse, ta fice.

Na ruga ɗaki. "Mansik! Taso, Umma za ta shiga ruwa!"

Ya yi wurgi da cokali. Kafin ya sa takalmi mu zagaya ta lungu mu kai kan duwatsu, Umma ta riga ta shiga. Ba wanda ya kai ta sanin gajeriyar hanya.

Muna tsaye muna hango gorar tana hawa tana sauka a kan igiya. Muka ga ta tsaya daidai Dutsen Tsohuwa, ta tsiyaye giyar, ta watsa shinkafar. Na ce a raina, yanzu za ta juyo.

Sai ta kifa kai ta nutsa.

Ta ɗago, muka jiyo fiton nan da masu nutso ke yi idan sun saki numfashi. Ta sake nutsawa. Wata ƙatuwar igiya ta taso ta rufe wurin gaba ɗaya. Da ta wuce, gorar ta koma bayan dutsen tana juyawa a wuri ɗaya, kamar wani abu na jan ta daga ƙasa.

Ba fito. Ba Umma.

"Igiyar gorar ta naɗe ta!" Mansik ya yi ihu. "Jirgi! Bari in ɗauko jirgi!"

Ya kwasa a guje ya nufi tasha. Na san kafin ya tayar da inji ya zagayo katangar tasha, komai ya ƙare.

Na buɗe baki na ƙwala ihun da ban san ina da shi ba.

"Yaya Dojin! Umma! Umma tana ruwa!"

Daga nesa na ga ya miƙe daga matakalar. Ya dubi inda nake nunawa. Ya rarumi dutse ya yi ta dukan kwaɗon shagon har ya ɓalle. Ya fito da dogon allo a hammata, yana gudu yana cire kwat.

A bakin ruwan ya ja ya tsaya. Kumfa ta taɓa ƙafarsa.

Sai ya faɗa.

Mutane suka fara taruwa, masu gyaran taru, matan kasuwar kifi, Gwaggo da silifa ɗaya tana kururuwa. Igiya ta dawo da shi baya, ya sake kutsawa. Ta kife shi, ya sake hawa allon. Da ya kai wurin gorar sai ya saki allon ya nutsa.

Na daina jin ihun mutane.

Kai ɗaya ya ɓullo. Sai na biyu.

Kafin mu yi murna wata igiyar ta ɗebe su ta nufi dutsen da su. Na ga ya juya ya ba dutsen bayansa, ya ƙanƙame Umma a ƙirji. Ruwa ya rufe su. Da ya janye, yana nan riƙe da ita. Ya lalubo allon ya ɗora ta, ya yi ta turowa, har mazan garin suka kama hannun juna suka shiga ruwa zuwa ƙirji suka jawo su.

A kan yashi ya kwance mata ɗamarar dalma, ya yi ta danna ƙirjinta yana kiran, "Umma! Umma, tashi!" Leɓɓanta sun yi shuɗi. Ina riƙe da ƙafarta ina kuka.

Can ta yi wani irin tari, ruwa ya ɓulɓulo ta baki da hanci.

Mata suka fashe da kuka, wasu da dariya. Gwaggo ta zube a ƙasa.

Umma ta buɗe ido a hankali. Ta dubi sama, ta dube ni, sannan ta dubi wanda ke tallafe da kanta. Ta daɗe tana kallonsa. Har ga Allah na zaci wahalarmu ta zo ƙarshe.

"Ashe ka iya," ta ce, da ƙyar muryar ke fita.

Dojin ya sunkuyo don ya ji.

"Ashe ka iya fito da mutum. Ni tsohuwa ka fito da ni." Ta ja numfashi. "Ina hannuwan nan suke bara?"

Na ga fuskarsa ta mutu a gaban idona. Ya zare hannunsa a hankali ya kwantar da kanta a kan yashi.

Motar asibiti ta iso. Mansik ma ya dawo yana haki, ya bar jirgin a bakin katanga, shi ya kama gefe ɗaya na gadon da aka ɗora ta. Jama'a duk suka bi su zuwa titi.

Na juya wajen Dojin. Yana tsaye, hannu ɗaya dafe da ƙeyarsa, haƙoransa na kaɗawa.

"Yaya, ka ji ciwo?"

"Lafiyata ƙalau. Bi ta."

"Amma—"

"Bi ta, Nari. Ke kaɗai gare ta."

Na shiga motar, aka rufe ƙofa. An sa wa Umma abin shaƙar iska a hanci, idonta a rufe. Na kama hannunta mai sanyi, motar ta fara tafiya.

Ta gilashin baya na waiwaya.

Ya juya ya nufi shagonsa. Sai a lokacin na ga bayan farar rigarsa, daga wuya har ƙugu ta rine da jini. Ya yi taku kaɗan, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya kifa da fuska a kan yashi.

Ba wanda ya gani. Kowa motarmu yake kallo.

"Ku tsaya!" Na daki gilashin. "Ya faɗi! Ku tsaya!"

Wani abu ya damƙe wuyan hannuna kamar ƙarfe. Umma ce. Ta buɗe ido, ta ja abin hancin gefe.

"Kika sauka," ta ce, "kada ki zo jana'izata."

"Umma, jini yake zubarwa! Saboda ke!"

Riƙon ya ƙara tsanani har farcenta ya shige mini fata.

Direban ya rage gudu yana duban mu ta madubi. "'Yar'uwa, me ya faru? In tsaya ne?"

Na dubi matar da ta haife ni, ta yi ta nutso cikin ƙanƙarar ruwa don in girma. Na dubi wancan da ke kwance can baya, yana ƙara nisa, ba ya motsi.

"Tsaya," na ce.

Na shirya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta bari na yi ba. Da kanta ta buɗe hannun, ta sake ni, ta mai da fuskarta jikin bangon motar.

Na tura ƙofar na diro, na kwasa da gudu ina kiran sunansa.